Adireshin da Ya Ƙaura: Kayan Aikin Layin Umarni don Kula da Karkatar da Adireshi a Shafukan Intanet na Cibiyoyin Kaduna

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda adireshin shafukan intanet ke mutuwa a duk lokacin da wata cibiya ta sake fasalin shafinta, ko ta sauya suna, ko ta sauya ɗan kwangila. Ta yi nazarin hanyoyin da manhajojin tafiyar da shafi, irin su WordPress da Drupal da TYPO3 da Wagtail, suka tanada don karkatar da tsohon adireshi zuwa sabo, sannan ta kawo hujjar cewa allon gudanarwa na danne-danne bai isa ya ɗauki wannan aiki ba sai an haɗa masa da kayan aikin layin umarni. An fi tsayawa a kan matsalar da ta keɓanci rubutun Hausa, wato haruffa masu ƙugiya da alamar hamza, domin manhajojin da muke saye ba don su aka ƙera su ba. Matsayin takardar shi ne jadawalin karkatarwa kundi ne na cibiya, kuma cibiyar ce ya kamata ta riƙe shi a hannunta.

1. Gabatarwa



Daga bakin kogi zuwa Kawo, Kaduna gari ne na fayil. A Titin Rabah akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan da Sardauna ya zauna. A Titin Yakubu Gowon akwai reshen Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa. A Titin Ahmadu Bello akwai ginin jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu, 1966. Ga hedkwatar hukumar NBTE a Titin Bida, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 a Titin Tafawa Ɓalewa. Ɗalibin tarihi da ya ga lambar fayil mai farawa da Zarprof ko Kanoprof a ƙasan shafin wani kundin digiri da aka rubuta shekaru arba'in da suka wuce, zai iya kwafe lambar a takarda, ya hau keke-napep, ya je ma'adanar ya nemi a fito masa da fayil ɗin. Akawun da ya ba fayil ɗin lamba ya daɗe da rasuwa, amma lambar tana aiki.

Adireshin intanet shi ma lambar fayil ne, sai dai bai da irin wannan tsawon rai. A 2014 Jonathan Zittrain da Kendra Albert da Lawrence Lessig na Jami'ar Harvard sun buga binciken da ya nuna cewa kimanin rabin adireshin da aka ambata a hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba su ƙara kai mai karatu ga abin da alƙali ya nufa ba, kuma a mujallun shari'a da suka duba abin ya haura kashi 70 cikin ɗari. A watan Mayun 2024 cibiyar bincike ta Pew ta bayyana cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke raye a 2013 sun ɓace bayan shekara goma, kuma kashi 21 cikin ɗari na shafukan gwamnati da ta duba suna ɗauke da aƙalla rariyar liƙau ɗaya matacciya. Wannan fa a wuraren da ake da ma'aikata na dindindin da kasafin kuɗi na kula da shafi.

Tun 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya rubuta gajeren gargaɗi cewa adireshi nagari ba ya sauyawa, kuma idan ya sauya to mutane ne suka sauya shi. Gaskiya ne, amma cibiyoyinmu suna sauyawa ko mun so ko mun ƙi. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta sake tsarin ma'aikatu har aka samu sabuwar Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. A 2017 kamfanin Etisalat na Najeriya ya zama 9mobile. A 2019 bankin Diamond ya narke cikin Access. A 2021 Dokar Masana'antar Man Fetur ta rushe sashen DPR, aka raba aikinsa tsakanin hukumomi biyu. Kowane irin wannan sauyi yana barin dubban adireshi a baya. Tambayar takardar nan ita ce da wane kayan aiki za a bi sawunsu.

2. Abin da ke faruwa idan an nemi shafin da ya ƙaura

Idan mutum ya danna rariya, burauzarsa tana aika buƙata zuwa uwar garken da ke riƙe da shafin, ita kuma ta amsa da lamba mai alƙaluma uku. Lamba 200 tana nufin ga shafin nan. Lamba 404, wadda kowa ya sani, tana nufin ba a same shi ba. A tsakaninsu akwai lambobin karkatarwa, inda uwar garke ke cewa shafin ba ya nan amma ga inda za a same shi, burauza kuma ta bi ba tare da mai karatu ya lura ba.

Wanda ya saba shiga Kasuwar Sheikh Gumi ya san bambancin rubutu iri biyu da ake liƙawa a ƙofar shago. Wani ya rubuta cewa sun koma layi kaza, wani kuma ya rubuta cewa a duba shagon maƙwabci ya tafi masallaci. Na farko shi ne 301, ƙaura ta har abada. Na biyu shi ne 302, ƙaura ta ɗan lokaci. Dukkansu suna cikin ƙa'idar HTTP tun takardar RFC 1945 ta 1996. Daga baya aka ƙara 307 a 1999, da 308 wadda ta tabbata a 2015, domin a hana burauza sauya yanayin buƙata idan fom ne mutum ya cike ya aika. Akwai kuma 410, wadda ba kasafai ake amfani da ita ba ko da yake ta fi 404 gaskiya a wurare da yawa: tana cewa shafin ya taɓa kasancewa, kuma da gangan aka cire shi.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe daga nan shi ne burauza tana haddace 301. Idan ma'aikaci ya yi kuskure ya tura shafin biyan kuɗin makaranta zuwa shafin gasar wasanni da 301, ya gyara bayan awa ɗaya, wayoyin da suka ziyarci shafin a cikin awar nan za su iya ci gaba da zuwa gasar wasanni har sai an share ma'ajiyarsu. Kuskure a wannan aiki yana fita daga hannun wanda ya yi shi.

A nan Kaduna ga ƙarin nauyi: adireshinmu ba a intanet kawai suke zaune ba. Suna jikin takardar shiga makaranta, da fastar da aka liƙa a Unguwar Rimi, da sanarwar da aka karanta a rediyo, da saƙon WhatsApp da ya zagaya zauruka ɗari tun bara. Ba mai iya janye su. Uba a Malali ko Unguwar Dosa da ya danna rariya don duba sunan ɗansa ya ga 404, ba zai ce an sake fasalin shafi ba. Zai ce ko dai an cire sunayen, ko dai tun farko 'yan damfara ne suka turo.

3. Inda allon gudanarwa ya gaza

Kusan kowace manhajar tafiyar da shafi tana da wani fom, ko a jikinta ko a wani ƙari da ake ɗora mata, mai gurbi biyu: tsohon adireshi da sabo. Ga edita da ya gyara kanun labari ɗaya, wannan ya wadatar. WordPress ma tana yin wani ɓangare da kanta, domin tana ajiye tsohon sunan maƙala idan an sauya shi, ta kuma tura mai nema zuwa sabon. Sai dai wannan gatan bai shafi shafuka masu uwa da 'ya'ya ba, kuma ba ta san komai game da manhajar da aka yi amfani da ita kafin a zo gare ta ba.

A nan ne babbar ɓarnar take. Cibiya ta yi shekaru a kan Joomla, adireshinta cike da alamar tambaya da lambobi. Aka ba sabon ɗan kwangila aiki ya koma da ita WordPress, adireshi ya zama shekara da wata da kanun labari. Fayilolin PDF na sanarwa da rahoton kasafi suka koma wata jakar daban. A ce adireshi dubu uku ne, a ce kowane yana cin minti ɗaya a fom: awa hamsin ke nan na kwafa da liƙawa, ba tare da ɗauke wuta ko yankewar sadarwa ba. Babu ɗan kwangilar da zai yi wannan. Abin da aka saba gani shi ne a rubuta doka ɗaya da ke tura duk abin da ba a samu ba zuwa shafin farko. A ido kamar an magance matsalar, tunda 404 ta daina fitowa. A haƙiƙa an ɓoye ta ne kawai. Mai neman rahoto ya ga hoton shugaban hukuma yana murmushi, injin bincike na Google kuma yana ɗaukar irin wannan turawa a matsayin 404 mai lulluɓi, ya fara sauke shafukan daga sakamakonsa.

Wani zai ce ai fom ɗin yana karɓar fayil ɗin CSV gaba ɗaya. Haka ne, amma ta burauza yake bi, kuma PHP a saitinta na asali tana yanke duk aikin da ya wuce daƙiƙa 30 idan ta yanar gizo ya zo, tana kuma iyakance fayil ɗin da ake ɗorawa zuwa megabayit 2. Idan ta layin umarni aka kira ta, wannan iyakar lokacin babu ita. Sau da yawa shigarwar da ta tsaya a tsakiya ta fi wadda ba a fara ba muni, domin ba wanda ya san layin da aka kai.

Amma a ganina gudu ba shi ne babban amfanin layin umarni ba. Babban amfaninsa shi ne umarni rubutu ne. Abin da aka danna da linzami ya wuce, ba ya barin sawu. Abin da aka rubuta ana iya ajiye shi, a nuna wa wani ya duba kafin a zartar, a sake gudanar da shi a kwafin gwaji, a ba agogon uwar garke ya riƙa gudanar da shi kowane dare, a miƙa shi ga ma'aikacin da zai gaji kujerar. A ma'aikatar da sashen kwamfuta ya dogara da matashi mai yi wa ƙasa hidima wanda zai tafi bayan shekara ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai suka guda biyu da suka cancanci amsa. Ta farko, cibiyoyi da yawa suna haya ne a uwar garken haɗaka inda cPanel kawai ake ba su, ba a buɗe musu ƙofar SSH ba. Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa a rubuta buƙatar a takardar kwangila tun farko. Ko a cPanel ɗin ma akwai gurbin tsara ayyukan agogo, wanda zai iya gudanar da umarnin dubawa ya aiko da sakamako ta imel. Ta biyu, jami'in yaɗa labarai da ke saka sanarwa ba zai taɓa baƙin allon nan ba, kuma bai kamata a tilasta masa ba. Na yarda. Fom nasa ne, layin umarni na mai kula da uwar garke ne, amma dole su biyun su riƙa rubutu a jadawali ɗaya. Inda ake samun rikici shi ne idan wasu dokokin suna cikin rumbun bayanan manhaja, wasu kuma suna cikin fayil ɗin .htaccess da wani ya rubuta shekara biyar da suka wuce, kowanne bai san da ɗan'uwansa ba.

4. Abin da ke akwai

Ba daga sifili za a fara ba. WordPress, wadda ta fito a 2003, tana da WP-CLI, kuma ƙarin nan mai suna Redirection na John Godley ya zo da umarnin shigo da jadawali da fitar da shi ta wannan hanya. Drupal tana da Drush, wanda kowane ƙari zai iya rataya masa nasa umarnin. Wagtail tana da import_redirects, mai karanta jadawali daga fayil, kuma tana da zaɓin gwaji wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa rumbun bayanai ba. TYPO3 ce ta fi burge ni a wannan fanni, domin ta wuce batun shigarwa: tana da redirects:checkintegrity, mai neman dokokin da suka yi karo da shafukan da ke raye, da redirects:cleanup, mai share waɗanda suka tsufa bisa sharuɗɗan da aka gindaya. MediaWiki, wadda Wikipedia ta Hausa ke kanta, ba ta bin karkatarwa biyu a jere, don haka aka tanadar mata fixDoubleRedirects don miƙe su.

Kowace ta warware wani yanki. Babu wadda za a ɗauko daga kanti a ce ta san halin rubutunmu.

5. Haruffa masu ƙugiya

Adireshin intanet, bisa ƙa'idar RFC 3986 ta 2005, ba ya ɗaukar komai sai haruffan Ingilishi da alƙaluma da 'yan alamomi. Duk wani harafi da ba ya cikinsu sai an mai da shi bayit-bayit, a rubuta kowane bayit da alamar kashi-cikin-ɗari a gabansa. Harafin ƙ, wanda lambarsa a tsarin Unicode ita ce U+0199, yana zama %C6%99. Harafin ɗ yana zama %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Burauza tana nuna wa mutum ƙ a sama, amma idan ya kwafe adireshin ya liƙa a WhatsApp, sau da yawa dogon jerin alamomin ne ke fitowa.

Idan edita ya rubuta kanu, manhaja ce ke ƙera wutsiyar adireshin daga kanun, kuma a nan manhajoji suka rabu uku. Wata ta bar ƙ yadda yake ta lulluɓe shi da alamomin nan. Wata ta mai da shi k. Wata ta jefar da shi gaba ɗaya, sai labari a kan ƙasa ya fito da adireshi mai ɗauke da asa. Dalilin na ukun yana da ban sha'awa. Dabarar da masu rubuta manhaja suka saba da ita don sauƙaƙa haruffan Turai ita ce a raba harafi da alamar da ke kansa, a jefar da alamar: é na Faransanci ya rabu zuwa e da alamarsa, a riƙe e. To, a tsarin Unicode ƙ da ɗ da ɓ ba sa rabuwa. Ƙugiyar jikin harafin ce, ba ado ba ce da aka ɗora. Dabarar ta wuce ta kansu ba ta taɓa su ba, mataki na gaba kuma, mai share duk abin da ba na Ingilishi ba, ya kwashe su.

Yanzu a ce jarida ko sashen Hausa na wata jami'a ya ƙaura daga manhaja mai hali na farko zuwa mai hali na biyu. Duk kanun da ke da ƙugiya ya sauya adireshi, ko da ba a taɓa harafi ɗaya a cikinsa ba. A rubutun Hausa kuwa da wuya a jera kanu biyar ba a ci karo da ƙugiya ba. Wannan aiki ne na na'ura tsantsa: umarni ɗaya zai iya bin dukkan maƙaloli, ya ƙera siffofin nan uku na kowane adireshi, ya tura biyu zuwa ga wadda aka zaɓa. Mutum a fom ba zai iya ba.

Sai dai mayar da ƙ zuwa k yana da nasa tarko. Baƙi da baki kalmomi biyu ne, haka ƙasa da kasa, haka ɓata da bata. Idan shafi yana da rukunin labarai ko kalmar alama da ta bambanta da wata ta ƙugiya kawai, sauƙaƙawar za ta haɗa su a adireshi ɗaya. Manhaja za ta warware wannan a ɓoye ta hanyar liƙa wa na biyun lamba 2, kuma wanda ya riga shiga shi ke samun adireshi mara lamba. A sabuwar manhaja jerin shigarwar zai iya bambanta, sai adireshin ya koma kan ɗayan. Babu 404 a nan, babu ƙararrawa, shafin yana buɗewa lafiya, sai dai ba shi ake nema ba. Kayan aikin da ya dace ba zai yanke hukunci da kansa a irin wannan wuri ba. Zai tsaya ya jera karon, ya bar wa wanda ya san harshen.

Ga kuma manya da ƙananan haruffa. A Ingilishi tazarar da ke tsakanin lambar babban harafi da ta ƙaraminsa iri ɗaya ce daga A har Z, don haka tsofaffin hanyoyin ƙanƙanta haruffa suka dogara da ita. Babban Ɗ shi ne %C6%8A, ƙaramin kuma %C9%97, ko bayit ɗin farko ba su haɗa ba. Dokar karkatarwa da aka ce kada ta damu da girman harafi za ta yi aiki a kan Kano da kano, amma za ta iya kasa gane cewa Ɗanja da ɗanja abu ɗaya ne, sai idan an rubuta ta da sanin Unicode.

Alamar hamza ta fi su duka rikici, saboda a ido ɗaya ce amma a na'ura aƙalla uku ce. Akwai miƙaƙƙiya ta allon rubutu, akwai lanƙwasasshiya da Microsoft Word ke sakawa da kanta wadda ke zama %E2%80%99, akwai kuma U+02BC wadda Unicode ta ware don hamzar da ke matsayin harafi. Kalma kamar ma'aikata ko jami'a tana iya samun adireshi huɗu idan aka lissafa da wanda aka jefar da alamar. Sannan a Najeriya muna rubuta 'y, a Nijar kuma ƴ suke rubutawa, harafi guda mai lamba U+01B4. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram da ya buga adireshi da hannunsa bisa ƙa'idar da ya koya a makaranta bai yi kuskure ba, kuma bai kamata a tarbe shi da 404 ba.

Shawarata a nan ita ce a zaɓi siffa ɗaya ta zama ta hukuma, kuma na fi karkata ga mara ƙugiya a adireshi kawai, saboda ita ce ake iya karantawa a rediyo, a buga a kowace waya. Na san wasu malamaina a sashen harsuna ba za su ji daɗin wannan ba, kuma ina fahimtar dalilinsu, tunda an sha wahala kafin ƙugiya ta zauna a kwamfuta. Amma kanu da jikin rubutu suna nan da ƙugiyarsu cikakkiya. Abin da ke da muhimmanci shi ne duk siffar da mutum ya bi ta kai shi gida, kuma a rubuta ƙa'idar sauƙaƙawar a fayil ɗaya da fom da layin umarni za su riƙa karantawa tare.

6. Umarnin da ya kamata a ƙara

Umarnin shigarwa shi ne na farko, kuma sharaɗinsa shi ne kada ya rubuta komai sai an ce masa ya rubuta. Idan aka kira shi haka kawai, ya karanta fayil, ya faɗi layi nawa ne sababbi, nawa ne za su sauya doka mai ci, nawa ne suka nufi shafin da babu shi. Idan aka ba shi izinin zartarwa, ya yi aikin a dunƙule ɗaya a rumbun bayanai, ko duka su shiga ko babu wanda ya shiga. Ga wanda ke aiki daga ofis a Titin Independence da intanet ɗin waya, wuta tana zuwa tana tafiya, wannan sharaɗi shi ne bambancin barci da kwana a zaune. Kuma idan aka sake gudanar da fayil ɗaya sau biyu, kada sakamakon ya bambanta.

Umarnin dubawa shi ne wanda zai fi aiki, domin shi za a ba agogo. Zai nemi zobe, inda adireshi na ɗaya ya tura zuwa na biyu, na biyu ya dawo da mutum na ɗaya. Chrome da Firefox suna haƙura ne bayan tsalle 20 su nuna kuskure. Zai nemi sarƙa, inda ƙaura uku cikin shekara goma suka bar tsohon adireshi yana bin tasha uku kafin ya isa. Injin Google yana bin tsalle har 10, don haka ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne mai ƙaramar waya a wurin da sadarwa ke da rauni, wanda kowane tsalle ke ƙara masa jira. Sarƙa ana miƙe ta ne ta hanyar tura kowa kai tsaye zuwa tashar ƙarshe. Zai kuma nemi dokar da ta rufe shafi mai rai, abin da ke faruwa idan aka sake amfani da tsohon suna, kamar shafin ɗaukar ɗalibai na bana da ya gaji adireshin na bara.

Dubawar ta haɗa da inda dokokin suka nufa. Ƙungiyar OWASP ta sa karkatarwar da ba a tantance ba cikin jerin manyan haɗurra goma na 2010 da na 2013. Idan wani ya samu shiga allon gudanarwa na wata makaranta, ba ya buƙatar ɓata shafin farko. Doka ɗaya da ke tura shafin biyan kuɗi zuwa kwaikwayonsa ta ishe shi, kuma za ta iya kwana da yawa ba a gani ba a cikin dokoki dubu uku. Umarnin da ke jera duk dokar da ta nufi wajen gidajen da aka amince da su, ya aiko da saƙo idan an samu sabuwa, layuka kaɗan ne na rubutu.

Sai umarnin da ke karanta rajistar ziyara ta uwar garke ya fitar da adireshin da aka fi nema aka rasa. Wannan shi ke gaya wa cibiya abin da jama'a ke nema, ba abin da take zato ba. Idan tsohon shafin ya riga ya ɓace babu kwafi, ana iya samo jerin adireshinsa daga Wayback Machine ta Internet Archive, wadda aka buɗe wa jama'a a 2001. A kula dai cewa rajistar tana ɗauke da lambobin IP na maziyarta, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi irin wannan. Adireshi da adadin nema kawai ya kamata rahoton ya fitar.

Game da sharewa, ra'ayina ya saɓa da na masu ƙera manhaja. Google tana ba da shawarar a bar karkatarwa aƙalla shekara ɗaya, kuma ga kantin sayar da takalma wannan ya isa. Ga jami'a ko hukuma ko jarida bai isa ba. Dokar da ba a bi ta kanta ba tsawon shekara biyu tana iya zama ita ce adireshin da ke ƙasan shafin wani kundin digiri, wanda mai bincike zai buɗe a shekara ta goma. Umarnin sharewa ya zama mai fitar da kwafi kafin ya taɓa komai, kuma kada a ba shi agogo.

7. Wa ke riƙe da jadawalin

Umarni na ƙarshe shi ne mafi sauƙin rubutawa: fitar da dukkan jadawalin zuwa fayil ɗin rubutu mai gurbi huɗu, wato tsohon adireshi, sabo, lamba, da ranar da aka saka. Fayil irin wannan ba ruwansa da WordPress ko Drupal. Ana iya ajiye shi a Git a ga wanda ya sauya me da yaushe, ana iya buɗe shi a Excel, ana iya miƙa kwafinsa ga magatakarda ko ɗakin karatu duk wata uku. Idan ɗan kwangila ya tafi cikin fushi saboda ba a biya shi cikon kuɗi ba, abin da ba baƙo ba ne a ayyukan gwamnati, jadawalin bai tafi da shi ba.

Don haka takardar kwangilar sake fasalin shafi ta ƙunshi sharaɗin da za a iya aunawa: kafin a biya kaso na ƙarshe, a ba da jerin tsofaffin adireshi, a gudanar da umarnin gwaji a kansu a gaban wakilin cibiya, kowanne ya dawo da 200 bayan tsalle ɗaya, ko 410 idan da gangan aka cire shi. Wannan gwaji ko da curl kaɗai ana iya yin sa cikin mintuna.

Duk wannan ya rataya ne a kan tsohon sunan gida, wato domain na shafin, yana hannun cibiya. Karkatarwa daga uwar garken tsohon gida take fitowa, don haka ranar da aka daina biyan kuɗin sabunta sunan, dokokin duka sun mutu tare, kuma idan sunan na kasuwa ne kowa zai iya saye ya ɗora abin da ya ga dama. Sunayen .ng suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005, na .gov.ng kuma sai da amincewar hukumar NITDA, abin da ke ba su kariyar da .com ba ta da ita. Haka batun gajerun adireshi na aro: a Yulin 2024 Google ta sanar cewa rariyoyin goo.gl za su daina aiki ranar 25 ga Agusta, 2025, daga baya ta sassauta ta ce za ta bar waɗanda ake amfani da su. Cibiyar da ke son gajeren adireshi don fasta ko sanarwar rediyo ta ƙera shi a ƙarƙashin sunanta, da lamba 302 tunda inda ya nufa zai sauya duk shekara, ta saka shi a jadawali ɗaya da sauran, umarnin dubawa ya riƙa bi ta kansa kowane dare.